Yadda ake koyon tsintar ƙwayoyin jiki da hasken leza

Idan likita ya ɗebo ƴar tsoka daga jikin mai ciwon daji domin bincike, ƙwayoyin jiki masu ciwo suna cakuɗe ne da masu lafiya. In aka niƙe su gaba ɗaya aka auna ADN ɗinsu, wato sinadarin gado, masu lafiyar na iya rufe alamar ciwon. Sakamako ya fito a karkace, a zaɓa wa majinyaci maganin da bai dace ba.

A shekarar 1996 waɗansu masana na cibiyoyin binciken lafiya na gwamnatin Amurka da ke garin Betesda, cikinsu har da Michael Emmert-Buck da Lance Liotta, suka bayyana dabarar tsinto ƙwayoyin da ake so kaɗai da hasken leza.

Mai koyon aikin ba ya fara taɓa leza. Da farko yana koyon yanka daskararriyar tsoka cikin injin sanyi, wajen digiri 20 ƙasa da sifiri. Kaurin kowane yanki mikron 5 zuwa 10 ne, mikron kuwa kashi ɗaya ne cikin 1000 na milimita. Sai ya shimfiɗa yankin bisa gilashi, ya rina shi, ya tsoma shi cikin alkol har ruwa ya fita sarai, domin damshi kaɗan yana ɓata aikin.

Daga nan ake aza wata siririyar leda bisa yankin, ƙarƙashin madubin ƙara girma. Inda ɗalibi ya auna, hasken leza ya narkar da ledar, ƙwayoyin wurin su manne mata, a ɗaga su, sauran su tsaya. Waɗansu injuna kuma kewaye wurin suke yi da yanka, guntun ya faɗa cikin ƴar kwalba.

Darasi mafi wuya shi ne tsabta da hanzari. Sinadarin ARN, abokin aikin ADN, yana saurin lalacewa, abin da ke lalata shi kuwa yana nan bisa fatar hannu da cikin miyau. Saboda haka safar hannu wajibi ce, jinkiri kuma hasara ne.

Amma leza ba ya yanka sai inda aka nuna masa. Shi ya sa ɗalibi ke zama kusa da ƙwararren likita mai nazarin tsoka, har idonsa ya iya rarrabe ƙwaya mai ciwo da mai lafiya. In ya kuskure, majinyaci ne zai ɗauki nauyin kuskuren.