Gansakukar da Ke Rayuwa Cikin Ƙanƙara

A shekarar 1818, wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Birtaniya, Kyaftin John Ross, yana bin gaɓar arewa maso yammacin Girinlan yana neman mashigar da za ta ɓulle da shi Asiya. Can ya hango duwatsu lulluɓe da dusar ƙanƙara, amma dusar ja ce jawur kamar an yi yanka a kanta. Ya sa aka ɗebo aka kai Ingila, masana suka yi ta muhawara. Daga baya aka gano cewa gansakuka ce, 'yar uwar koren nan da ke shimfiɗuwa a kan kududdufi da damina, ko ya manne a gindin randa.

Gansakukar da muka saba gani ruwa mai ɗumi take so. To, ta yaya wasu danginta ke rayuwa, har su hayayyafa, a inda ruwa kansa ya zama dutse? Sanyi na kai wa ƙwayar halitta hari ta fuska uku, kuma gansakuka ta tanadar wa kowanne magani.

Hari na farko: daskarewar tantani

Kowace ƙwayar halitta tana lulluɓe da siririn tantani na maiƙo, ta nan abinci ke shiga, ta nan dagwalo ke fita. Duk wanda ya shiga madafa da asubar hunturu ya ga misalin matsalar: man shanu ya yi tauri sai an sa cokali an kankaro, man gyaɗa kuwa yana zuba abinsa. Bambancin yana cikin ƙirar maiƙon. Na man shanu miƙaƙƙe ne, yana jeruwa ya matse. Na man gyaɗa yana da lanƙwasa, ba ya haɗuwa ya cure. Da sanyi ya sauka, gansakuka kan tayar da wasu sinadaran aiki da ke lanƙwasa maiƙon tantaninta, sai ya zauna da laushinsa, ƙofofinsa na buɗewa da rufewa.

Hari na biyu: tsinin ƙanƙara

Ƙanƙara idan tana haɗuwa tsini take yi, tsinin kuma huda ƙwaya yake kamar allura. Ƙari a kan haka, tana zuƙe ruwan cikin ƙwayar har ta yamutse. Don kare kanta, gansakuka kan tara sukari da gilisarin a cikinta, ruwan jikinta ya yi kauri ya ƙi daskarewa da wuri. Wasu jinsunan na Antatika suna fitar da wani furotin da ke manne wa ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara ya hana su girma. Da haka ake samun 'yan aljihunan ruwa a tsakiyar ƙanƙarar, a cikinsu gansakukar ke zama. Masana sun ga alamun cewa umarnin ƙera wannan furotin daga wasu ƙananan halittu, irin su bakteriya, ta samo shi tun zamanin da.

Hari na uku: haske ya yi yawa

Wannan shi ne ya fi ba da mamaki. Gansakuka, kamar kowane tsiro, da hasken rana take haɗa abinci. Kama haske bai damu da sanyi ba, amma sarrafa shi ya zama sukari aiki ne da sanyi ke rage wa gudu ƙwarai. Kamar a yi ta tura itace a murhu alhali tukunyar ba komai ne: ƙarshenta ƙonewa. Rarar ƙarfin hasken kan haifar da gubar da ke lalata ƙwayar daga ciki.

A nan sirrin jan da John Ross ya gani yake. Da bazarar can ta shigo, dusa ta fara narkewa, gansakukar dusa kan taso daga ƙasa tana kore, tana iyo da wasu siraran gashi biyu zuwa sama. Da ta iso fili ta haɗu da rana, sai ta zubar da gashin, ta yi ɓawo mai kauri, ta cika kanta da jan launin astazantin, irin wanda ke sa jatan lande ja. Launin nan laima ce. Shekaru da dama ana kiran wannan halitta Chlamydomonas nivalis, sai a 2019 masana suka ware mafi yaɗuwarta suka raɗa mata Sanguina nivaloides, daga kalmar Latin ta jini.

Mai zaman ƙasan tafki

A kwarin McMurdo na Antatika akwai tafkin Bonney, wanda ƙanƙara mai kaurin kusan mita 4 ke rufe da shi shekara da shekaru. Mita 17 a ƙasa, cikin ruwa mai gishiri da bai wuce kimanin digiri 5 ba, wata koriyar gansakuka ke zaune. An sa mata suna don girmama John Priscu, masanin da ya daɗe yana nazarin tafkunan yankin. Ɗan haske shuɗi-shuɗi kawai ke isa gare ta, sannan ta shafe watanni cikin duhun hunturu. Ta saba da wannan hali har jikinta ya ginu a kansa: kafin zafi ya kai digiri 20, girmanta ya tsaya. Yanayin da mutumin Kano ko Zinder zai nemi rigar sanyi, ita a wurinta ƙuna ce.

Wannan shi ne farashin ƙwarewa. Idan muka koma ga jan dusar John Ross kuwa, lamarin ya shafi kowa. Farar dusa mayar da hasken rana take yi, ja kuwa shanye shi take. Wani bincike da aka wallafa a 2016 a kan dusar yankin Atik ya nuna cewa jan gansakuka na rage hasken da dusa ke mayarwa da kusan kashi 13 cikin 100 a lokacin narkewa. Dusa ta narke, ruwa ya samu, gansakuka ta ƙaru, dusa ta ƙara narkewa. Ruwan kuwa teku yake gangarawa, tekun da ke wanke gaɓar Legas da Akara. Saboda haka masu lissafin ɗumamar duniya suka fara sa wannan halitta, wadda ido ba ya ganin ƙwayarta ɗaya, cikin lissafinsu.