Tsargiya: Tsutsa Mai Rigar Sukari

Ya ku 'yan kasuwa da iyalai na Paga, Bawku, Yendi da Salaga, fitsarin jinin da kuke gani ga yara ba alamar balaga ba ce, tsargiya ce. Tsutsarta tana fitowa daga dodon koɗi a ruwan kwance, kamar madatsar Tono kusa da Navrongo ko Tafkin Volta. Takan huda fata lokacin wanka, wanki ko kamun kifi, ta zauna cikin jijiyoyin jini shekara 3 zuwa 5, wani lokaci fiye da haka.

Me ya hana jiki ya kore ta? Fatarta da ƙwanta suna lulluɓe da sarƙoƙin sukari da ke manne da furotin. Ba sukarin shayi ba ne, kuma babu ruwansa da ciwon sukari. Wasu sarƙoƙin sun yi kama da na jikinmu, sai garkuwar jiki ta sassauta mata. Ƙwan da ya maƙale a bangon mafitsara kuwa, dakarun jini sukan yi masa zobe, wurin ya kumbura, ya bar tabo. A hankali tabon kan toshe hanyar fitsari, ya illata ƙoda.

Saboda haka rashin jin ciwo ba shaidar lafiya ba ce. Duk lokacin da ma'aikatan lafiya suka zo rabon praziquantel, ku karɓa, ku sha bayan cin abinci. Maganin yana yage fatar tsutsar, asirinta ya tonu, jiki ya gama da ita. Ku kuma hana yara yin fitsari cikin ruwa, domin ta nan ƙwan ke komawa ga dodon koɗi.