Macijin da Ya Ji Rauni a Gidan Kiwo: Kula da Shi da Hana Shi Kuɓucewa

Gabatarwa

Gwarinpa, wadda aka gina a shekarun 1990, tana cikin unguwannin Abuja da kiwon bayan gida ya yawaita. Gidaje da dama suna da ɗakin kaji, ko kejin zomaye, ko kwamin kifi, ko ɗan lambu. A kewayenta, wajen Dawaki da Karsana, akwai duwatsu da rafuka da filayen da ba a gina ba. Daga watan Afrilu zuwa Oktoba, lokacin da ruwa ke cika ramuka, macizai kan fito neman busasshen wuri. Abincin kaji yana jawo ɓeraye, ɓeraye kuma suna jawo maciji.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne mai kiwo ya wayi gari ya tarar da maciji sarƙe cikin ragar ɗakin kaji, ko manne a tarkon gam na ɓera, ko kuma fartanya ta yanke shi a lambu. Akwai kuma masu ajiye mesa a gida don sha'awa ko sana'a. Kuskure biyu ne aka fi yi: ko a matsa kusa da macijin har ya sari mutum, ko a jefa shi cikin kwali, da dare ya sulale ya faɗa gidan maƙwabci. An shirya wannan bayani ne domin malaman gona da manoma su san matakan kauce wa duka biyun.

Gane irin macijin

Kafin a taɓa komai, a tsaya nesa da aƙalla mita 3, a dubi macijin da kyau.

1. Kububuwa, wadda ake kira gobe-da-nisa: gajeriya ce, ba ta cika wuce santimita 60 ba, ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigo. Tana goga jikinta tana ƙara kamar an zuba ruwa a mai mai zafi. Dafinta na hana jini daskarewa, kuma ita ce ta fi kashe manoma a arewacin Nijeriya.

2. Kasa: gajeriya mai kauri da faffaɗan kai. Ba ta gudu, sai dai ta yi huci.

3. Gamsheƙa: baƙa ce, tana fasa kai, tana feso dafi zuwa ido daga nisan mita 2 ko fiye.

4. Mesa: ba ta da dafi, amma tana cizo, babbarta kuma tana naɗe dabba ta shaƙe ta. Akwai babba da kan wuce mita 4, akwai ƙarama da ke dunƙulewa kamar ƙwallo idan ta tsorata.

A lura cewa ɗan mesa kan yi kama da kasa a idon wanda bai saba ba. Akwai kuma wani ƙaramin baƙin maciji mai shiga ƙasa wanda ke sara ta gefen baki ko da an riƙe wuyansa. Duk macijin da ba a tabbatar da irinsa ba, a ɗauke shi mai dafi. Manomi ba ya jinyar mai dafi. A kifa masa babban baho ko rabin duro daga nesa idan hakan zai yiwu, a danne da dutse, a kawar da yara, a kira gwanayen kamu. Ko mataccen maciji ba a wasa da kansa, domin kan da aka sare yana iya sara bayan wani lokaci.

Matsayin doka

Mesa tana cikin namun dajin da dokar kare dabbobi masu fuskantar ƙarewa ta shekarar 1985 ta ba kariya, dokar da aka yi wa gyara a 2016. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, tana cikin masu tabbatar da bin ta. Don haka manufar manomi ita ce ya tsare mesar na ɗan lokaci, ya miƙa ta ga hukuma, ba ya sayar da ita ko ya mai da ita abin kallo ba. A Abuja ana iya neman shawara daga Hukumar Kula da Gandun Daji ta Ƙasa, ko gidan namun daji da ke Asokoro, ko sashen likitancin dabbobi na Jami'ar Abuja. Barin mesa da rai yana da amfani ga manomi kansa, domin ɓera da gafiya ne yawancin abincinta.

Fid da mesa daga tarko

Aikin mutum biyu ne, ballantana idan ta kai mita 2. A sa takalmin roba mai tsawo da safar hannu mai kauri. A rufe kanta da tawul ko buhu, domin duhu na sa ta natsu. Mutum ɗaya ya riƙe bayan kai ba tare da matsewa ba, ɗayan ya yanke zaren ragar da almakashi ɗaya bayan ɗaya. Kada a fizgo ta, domin zaren zai ƙara nitsewa cikin nama. Idan tarkon gam ne, a zuba man gyaɗa kaɗan-kaɗan a inda jiki ya manne, a jira mintoci, gam ɗin zai saki. Kada a bari ta naɗe wuya ko ƙirjin mutum. Idan ta naɗe hannu, a warware ta daga wutsiya.

Jinyar rauni

Jikin maciji ba ya samar da ɗumi da kansa, da zafin wurin da yake ya dogara. Wannan ne ya sa rauninsa ke jinkirin warkewa, wani lokaci sai ya yi saɓa sau biyu ko uku kafin fata ta haɗe.

1. A tafasa ruwa lita 1, a zuba gishiri giram 9, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya da rabi. In ya huce, a wanke raunin da shi.

2. A sirka aidin da ruwa har ya yi launin shayi marar kauri, a shafa da auduga sau ɗaya a rana.

3. Kada a yi amfani da Dettol, ko Izal, ko kananzir, ko baƙin mai. Guba ne ga maciji.

4. Kada a manna filasta a fata, domin idan aka zo cirewa takan tafi da ɓawon jiki.

5. A shimfiɗa tsohuwar jarida, a canza ta kullum. Ƙasa da ɗiddigar katako suna shiga rauni su jawo ruɓa. A kare wurin daga ƙuda da tururuwa.

6. Ɗumin wurin ya kasance tsakanin digiri 28 da 32, da wani sashe mai sanyi. Kada a sa ƙwan lantarki a ciki, domin macijin zai naɗe shi ya ƙone.

7. A ajiye ruwan sha a kwano mai nauyi. Ba a gaggawar ba da abinci, domin mesa tana iya yin makonni ba ta ci ba. Kada a jefa mata ɓera mai rai, zai cije ta, haka kuma ɓeran da ya ci guba.

Idan ana ganin ƙashi ko hanji, ko rabin jiki ba ya motsi, ko baki ya kumbura yana yauƙi, to abin ya fi ƙarfin gida, sai likitan dabbobi. Bayan kowane aiki a wanke hannu da sabulu, domin macizai suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai kawo zawo ga mutum, tana kuma kama kaji.

Hana shi kuɓucewa

Ƙa'idar ɗaya ce: duk inda kan maciji ya shiga, jikinsa zai bi. Yana kuma da ƙarfin ture murfi fiye da yadda ake zato, kuma da dare yake gwada kowace kusurwa.

1. Don ajiyar sa'o'i kaɗan, a sa shi cikin jakar yadi marar huji, a murɗa bakin a ƙulle, sannan a sa jakar cikin bokiti mai murfi. A riƙe jaka ta saman ƙulli, domin haƙori na huda yadi.

2. Don ajiyar kwanaki, a samu akwatin roba ko na katako mai santsi a ciki. Kwali da kwando da kejin kaji ba su dace ba.

3. Hujin iska kada ya wuce milimita 6. A huda daga ciki zuwa waje domin kaifi kada ya kurje masa hanci.

4. Murfi ya kasance da sakata a kowane gefe, da kwaɗo. Ɗora dutse kawai bai isa ba.

5. A ajiye akwatin a ɗakin da ke kulle, a inuwa, a toshe ƙarƙashin ƙofa. Kada a bar shi a rana ko cikin mota.

6. A rubuta gargaɗi a jikinsa. Mutum ɗaya ne zai riƙe makulli, ya duba safe da yamma.

Idan ya kuɓuce, a rufe ƙofofi, a sanar da maƙwabta nan take, kada kunya ta hana. A duba wurare masu duhu da ɗumi da tocila da sanda, ba da hannu ba: bayan firji, ƙarƙashin buhuna, cikin janareta da injin mota. A barbaɗa toka ko gari a bakin ƙofofi da yamma, da safe sawunsa zai nuna inda ya bi.

Toshe ɗakin kaji

Hanyar da ke hana maciji fita ita ce ke hana shi shiga. A kewaye ƙasan ɗakin da ragar ƙarfe mai ido milimita 6, tsawon santimita 90, a binne santimita 15 cikin ƙasa. A share ciyawa da tarin bulo da itace mita 2 daga bango. A kwashe ƙwai sau biyu a rana, a ajiye abinci cikin duro mai murfi. A rufe bakin bututu da ramin masai da raga. A watan Nuwamba 2021 wata jami'ar sojan sama ta rasu a Abuja bayan maciji ya sare ta a banɗaki. Barbaɗa gishiri ko tafarnuwa ba abin dogaro ba ne.

Idan an sari mutum

A kwantar masa da hankali, a cire zobe da agogo, a ɗaure gaɓar da ɗan katako kamar karaya domin kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa asibiti. Kada a ɗaure da igiya, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ba shi asfirin. Idan dafi ya shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa. Allurar kashe dafi ce kaɗai magani, irin su EchiTAb da aka daɗe ana amfani da ita a asibitin Kaltungo ta Jihar Gombe. Ba kowane asibiti ke ajiye ta ba, don haka malamin gona ya binciki wanda ke da ita tun kafin damina, ya sanar da manomansa.

Kammalawa

A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, a 2019 kuma ta sa burin rage mace-mace da naƙasa da rabi kafin 2030. Rabon mai kiwo a wannan aiki shi ne ya gane maciji kafin ya matsa, ya tsare mesa a akwatin da ba ta iya turewa, ya miƙa ta ga hukuma, ya kuma toshe ɗakin kajinsa kafin ruwan farko. Domin ƙarin bayani a tuntuɓi malamin gona ko likitan dabbobi mafi kusa.