Faɗakarwa a Kan Dafa Kaza da Dabino

Tun da matan garuruwanmu suka fara koyon dafa kaza irin ta mutanen Maroko, wadda ake jerawa a tukunya tare da albasa da kayan ƙamshi da busassun 'ya'yan itatuwa, a bar ta a kan garwashi ta nuna sannu a hankali, sai wata magana ta bazu a gidajen biki da majalisun maza, har ta kai ana tura ta ta wayar hannu daga wannan gida zuwa wancan, wai duk wanda ya ci nama da zaƙi da aka dafa a tukunya ɗaya ya sayi basir da kuɗinsa, waɗansu ma suna ƙarawa da cewa abincin Nasara ne aka shigo mana da shi. Na ji wannan zance har na gaji da jinsa, kuma abin da ya fi ɓata mini rai shi ne masu yaɗa shi ba su taɓa kawo hujja ko ɗaya ba, illa dai “haka muka ji manya suna faɗi”, alhali kuwa abin da yake kwantar da mutane a haƙiƙa ana nan ana aikata shi kullum a madafanmu, babu mai tsawatarwa.

Shi wannan abinci sunansa tajin, sunan tukunyar ƙasar da ake dafa shi a ciki, mai faɗin gindi da murfi mai tsini, wanda tururi ke hawa ya huce a jikinsa ya komo kan nama, don haka ruwa kaɗan ya wadatar. 'Yan'uwanmu da ke zuwa ziyara birnin Fas, inda Shehu Ahmadu Tijjani ya rasu a shekarar 1815, da yawansu sun ci shi a can, sun dawo gida lafiya lau.

Zancen cewa abincin Nasara ne, wannan rashin sanin tarihi ne tsantsa, domin tun a ƙarni na 10, zamanin daular Abbasiyawa, Ibn Sayyar al-Warraƙ ya tattara dafe-dafen fadar Bagadaza a littafinsa Kitabuɗ Ɗabikh, sa'an nan a shekarar 1226 Muhammadu bin al-Hasan al-Bagadadi ya rubuta wani littafin mai wannan suna, wanda a cikinsa akwai bayanin dafa nama da busasshen ɗan itacen da ake kira mishmish da kuma dafa shi da dabino. Har yau mutanen Maroko, in babbar Salla ta wuce, suna dafa naman layya da zabibi da zuma da lauz, suna kiransa muruziyya, mutanen Aljeriya kuma da yawansu suna buɗe watan Ramalana da nama mai zaƙi da aka dafa da busassun 'ya'yan itatuwa. Abincin da al'ummar Musulmi suka shekara dubu suna ci a ranakunsu masu alfarma, bai kamata wanda bai taɓa buɗe littafi a kan mas'alar ba ya wayi gari ya jingina shi ga waɗansu.

To, mu komo ga basir, wanda shi ne ginshiƙin wannan jita-jita. Abin da likitoci suka tabbatar shi ne, basir kumburi ne na jijiyoyin jini da ke bakin dubura da cikinta, kuma abin da ke kumbura su shi ne matsi: yawan yunƙuri saboda taurin bayan gida, da daɗewa a tsugune a makewayi, da nauyin juna biyu ga mata, da ɗaukar kaya masu nauyi, da raunin da tsufa ke kawowa. Taurin bayan gida kuwa babban sababinsa shi ne ƙarancin shan ruwa da ƙarancin harza a abinci, wato ɓangaren tsiro wanda hanji ba ya narkarwa, irin wanda ke cikin dusa da ganye da wake, wanda ke riƙe ruwa ya tausasa abin da zai fita. Idan mai karatu ya riƙe wannan, sai ya dubi abin mamaki: nama ba shi da harza ko ƙanƙani, amma dabino, a kowane giram 100 nasa akwai harza wajen giram 7, busasshen mishmish ma kusan haka, alhali abin da ake so baligi ya samu a yini bai gaza giram 25 ba. Ashe ke nan, cikin duk abin da ke tukunyar nan, wanda aka ɗora wa laifin kawo basir shi ne mafi kusa da zama rigakafinsa.

Ban da wannan ma, ina so masu wannan da'awa su amsa mini tambaya guda. Ashe ba mu ne ba, duk watan azumi, da an kira sallar magariba muke buɗe baki da dabino bisa koyi da sunna, sa'an nan kafin a yi isha'i mun bi shi da farfesun kaza ko na kayan ciki? Ashe ba a gidajen bikinmu ake jera alkaki da nakiya kusa da soyayyun kaji ba, baƙi su ci wannan su ci wancan a zama ɗaya? Ashe miyar taushe, wadda kakanninmu suka gada daga kakanninsu, ba kabewa mai zaƙi ake dafawa da nama ba? Tumbin ɗan Adam ba shi da ɗakuna biyu da zai ware dabino a ɗaya ya kai nama ɗaya, kome aka haɗiya wuri guda yake taruwa ya cakuɗe, saboda haka in da haɗuwar zaƙi da nama cuta ce, da ba a ga mai lafiya ko ɗaya ba a ƙasar Hausa ranar ƙaramar Salla.

Wani zai ce, to ai Malam, zaƙin ne ya yi yawa. Mu yi lissafi. Dabino kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa sukari ne, wannan gaskiya ne, ba mai musunsa. Amma ƙananan dabino goma, waɗanda suka ishi kaza guda, sukarinsu bai wuce giram 50 ba, in mutum shida suka raba kowa ya tashi da abin da bai fi cokalin shayi biyu ba. Shi kuwa maigidan da ya ture akushi yana cewa ba zai ci basir ba, shi ne za ka gani ya kora tsire da lemon kwalba, wanda galibinsa ke ɗauke da sukari wajen giram 10 a kowane mililita 100, da safe kuma ya zauna a teburin mai shayi yana cewa a ƙara madara a ƙara sukari. Wanda wannan taka-tsantsan ya wajaba a kansa shi ne mai ciwon sukari, shi lalle ya ƙididdige dabinon da zai ci, ya bi abin da likitansa ya gindaya masa. Tsutsar ciki kuma, da ake cewa zaƙi ke haifarwa, daga ƙwanta take zuwa, wanda ke shiga baki ta ƙazamin hannu da ganyen da ba a wanke ba. Duk wanda ya ga jini a bayan gidansa, ya bar zargin girkin matarsa, ya bar masu tallar maganin basir da lasifika a tasha, ya nufi asibiti, domin akwai cututtukan hanji masu tsanani da ke fara bayyana da wannan alama.

Amma fa ban ce ba a taɓa cin wannan abinci aka kwana ana zawo ba. Ana yi, kuma a nan ne gafalarmu take. Mutane sun ji an ce dafuwar sannu, sai suka ɗauka ma'anarta a ɗora tukunya a kan wutar da ba ta kai ta kawo ba, ko kuwa a gama da la'asar a bar ta a kan toka mai ɗumi har wayewar gari. Ɗanyen naman kaza yakan ɗauko ƙwayoyin cuta irin su Salmonela, waɗanda ba a amintuwa da mutuwarsu sai zafi ya ratsa tsokar har tsakiyarta ya kai digiri 74 a ma'aunin Salshiyas. Akwai kuma wata ƙwayar, Clostridium perfringens, wadda irinta ke jure tafasa, ya kwanta shiru, sai romo ya fara hucewa ya farfaɗo ya yi ta ninkuwa, mai ci ya ji murɗar ciki da gudawa bayan sa'a 6 zuwa 24. Tsakanin digiri 5 da digiri 60 nan ne waɗannan halittu ke hayayyafa, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce sa'a 2 a ajiye cikin ɗumin ɗaki. Tukunyar da ta kwana a kan toka cikin watan bazara, ko babu ƙwayar dabino ɗaya a cikinta, tana iya kwantar da gida guda, amma da yake dabino shi ne baƙo a girkin, shi ake kamawa.

Saboda haka, ya ke uwargida, ga yadda za ki yi in kina son ki fita kunyar iyalinki. Ki nemi kazar gida wadda ta yi kiwo, domin ita ce ta dace da wannan aiki: jijiyoyi da tantanin da ke sa ta tauri, su ne dogon zafi mai sauƙi ke narkarwa su zama romo mai kauri da danƙo, abin da wuta mai ƙarfi ba ta iyawa, sai dai ta ƙanƙance tsokar ta ƙone gindin tukunya. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Kazar gida takan ci sa'a ɗaya da rabi zuwa biyu, in tsohuwa ce ma fiye, ta gidan gona kuwa minti 45 zuwa sa'a guda ya ishe ta, in ta wuce haka sai ta dagargaje. In daga firji kika ciro ta, ki bari ƙanƙarar ta narke sarai kafin ki ɗora. Bayan kin yayyanka ta, ki wanke wuƙa da katako da hannuwanki da sabulu kafin ki taɓa wani abu.

Ki cuɗa naman da gishiri da dakakkiyar citta da kurkum da masoro da tafarnuwa, da za'afaran kaɗan in Allah ya hore, ki yanka manyan albasa uku ki shimfiɗa a gindin tukunya da man shanu ko man zaitun, ki jera naman a kai, ki jefa sandar kirfa guda, da kanumfari biyu ko uku, kada ki ƙara, domin shi in ya yi yawa yakan danne kowane ƙamshi. Ruwa ƙaramin kofi ɗaya ya isa, albasa da nama za su fitar da nasu. Sharaɗin da ba a sassauci a kansa shi ne ki bari ta tafasa tukuna, sa'an nan ki janye itace ko ki rage gawayi, har ya zama romon yana ɗan motsi yana fitar da ƙananan kumfa ba tare da yankewa ba. In motsin ya tsaya cik, wutar ta gaza, ki ƙara. Ki rage yawan buɗe murfi, kowace buɗewa tana korar tururin da ke yi miki aiki.

'Ya'yan itatuwan kuma ba a zuba su tun farko, wannan kuskure ne da ke sa girki ya yi baƙi ya yi ɗaci, saboda sukari yana saurin kamu. Ki tsaga kowane dabino ki cire ƙwallon, ki duba cikinsa, domin ƙwari na ɓuya a nan, wanda ya yi fumfuna ki zubar, ki wanke sauran. Zabibi da mishmish ki jiƙa su a ruwan ɗumi, ki zuba ana saura minti 20 ko 30 a sauke. Busasshen dabino irin na Agadas da ake samu a kasuwanninmu shi ma yana son jiƙo da kamar wannan lokaci, mai laushi kuwa minti 10 ya ishe shi. Ki matsa lemon tsami ko ki zuba ruwan tsamiya cokali ɗaya, don ya karya zaƙin. Kafin ki sauke ki tsaga cinya har ƙashi, in kin ga ja ko ruwan jini, ki mai da murfi. Ki barbaɗa soyayyen riɗi ko gyaɗa a maimakon lauz, a ci da gurasa ko kuskus ko shinkafa.

Tukunyar ƙasa tamu ta gida, in tana da murfi mai kamawa, ko tukunyar ƙarfe mai kaurin gindi, duk suna biyan bukata, ba wajibi ba ne sai an yo tsarabar tajin. Wanda ya sayo mai zane da ƙyalli ya sani cewa da yawansu don zuba abinci ko ado aka yi su, kuma fentin waɗansu yana ɗauke da dalma, wadda tsami da zafi ke saki cikin abinci, dalma kuwa guba ce, musamman ga ƙwaƙwalwar yara. Kada a zuba ruwan sanyi a tukunyar ƙasa mai zafi, takan tsage. Kada kuma a shiga da kurfoti ɗaki a rufe ƙofa, iskar gawayi tana kisa ba tare da an ji warinta ba.

Abu na ƙarshe, kuma mafi muhimmanci, shi ne abin da ya saura bayan an ci. In akwai firji mai aiki, ki juye ragowar a kwano marar zurfi don ta yi saurin hucewa, ki sa a ciki kafin sa'a biyu ta cika, gobe ki tafasa ta har ta yi zafi ciki da waje. In babu, ko wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, to ki dafa gwargwadon bakunan da ke gidan, abin da ya ragu ki miƙa wa maƙwabta da almajirai tun yana da zafi, ki sami lada, ki kuma tsira daga israfi. Ɗumamen da muka saba yana rage haɗari, amma bai kawar da shi duka ba, domin waɗansu ƙwayoyin suna barin dafi wanda tafasa ba ta karya shi.

Ku kuma maza, masu yanke hukunci a majalisa kan abin da ba ku taɓa tsayawa kun ga yadda ake dafa shi ba, ku ji tsoron Allah a kan maganar lafiya, domin fatawa ba da ilmi ba laifi ce, a addini take ko a ɗibbu, kuma duk wanda ya tura wa mutane ƙarya yana da kamasho a cutar da ta haifar. Ku sayo wa iyalinku gawayi isasshe da sabulun wanke hannu, ku sha ruwa, ku ci ganye da wake, mai ciwo ya je wurin likita. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya kare mu daga faɗin abin da ba mu sani ba, amin.