Ko Kun Sani? Inabi a Maƙwabtan Rogo

Ko kun san cewa ba duk inabin da ake gani a kasuwa ne ake shigowa da shi daga ƙasashen waje ba? Daga garin Rogo, in mutum ya tsallaka iyaka ya shiga Jihar Kaduna, zai tarar da Ƙaramar Hukumar Kudan, mai hedikwata a Hunƙuyi, wadda ta yi suna wajen noman inabi a Najeriya.

Ba iri ake shukawa ba, reshe ake yankowa a dasa. In ya kama, sai a kafa masa rumfa ta turaku da waya ya bi ya yaɗu, nonnan 'ya'yan suna reto daga sama.

A Turai sanyin hunturu ne ke sa kurangar inabi ta zubar da ganye ta huta. A nan kuwa babu irin wannan sanyi, don haka manomi ne ke datse rassan da almakashi bayan damina, ya ci gaba da ban ruwa. Sabon toho ya fito, fure ya biyo, cikin kamar wata huɗu 'ya'ya su nuna. Busasshiyar iskar rani tana rage cututtukan da laima ke jawo wa ganye, amma sai an yi fama da tsuntsaye.

A Faransa da Italiya yawancin farin inabi giya ake yi da shi. A ƙasar Hausa ɗanyensa ake sha. Zabibi kuwa inabi ne da aka shanya, galibi nau'in fari marar ƙwallo da ake kira Sultana.