Dalilin Ƙarin Bayani Cikin Littattafan Wasan Kwaikwayo

Duk wanda ya buɗe littafin wasan kwaikwayo zai tarar da magana iri biyu a ciki. Akwai wadda 'yan wasa za su faɗa da bakinsu, akwai kuma wadda ba mai faɗa, watau gabatarwar mawallafi, da siffar ɗakin da abin ya faru, da 'yan kalmomin da ke nuna wane ya shigo, wane ya fita cikin fushi. Da yawa daga cikinmu mu kan tsallake wannan ta biyu, mu ɗauka cikon takarda ce. Tun da yake mu ne za a danƙa wa yara mu koya musu irin waɗannan littattafai, ya kamata mu san abin da ya kawo ta.

Mu tuna da tashe cikin watan azumi. Yaro ya manna gemun auduga, ya dogara sanda, yana tafe yana nishi. Ba wanda ke bukatar a gaya masa tsoho a ke kwaikwaya, ido ya gama aikin. To, a ce wani ya rubuta abin da yaron ya faɗa kaɗai, ya aika wa mutumin da bai taɓa ganin tashe ba. Gemu ya tafi, sanda ta tafi, nishi ya tafi, saura kalmomi tsirara. Ko “na gode” ma, a kan faɗe ta da murna, a kan faɗe ta da gatse, amma bisa takarda kamarsu ɗaya. Ƙarin bayani shi ne ƙoƙarin mayar wa mai karatu abin da mai kallo ya samu kyauta.

A Ingila ba haka a ka fara ba. Shakespeare ɗan wasa ne, yana kuma da rabo cikin ƙungiyar da ke yin wasanninsa, saboda haka in ana son sanin nufinsa sai a tambaye shi. Ya rasu a 1616, sai a 1623 abokan aikinsa biyu suka tara wasanninsa 36 cikin littafi guda. Bayanin da ke ciki kaɗan ne, galibinsa na shigowa da fita.

Wanda ya fi shahara da tsawaita bayani shi ne Bernard Shaw, mutumin ƙasar Ailan, wanda ya rasu a 1950. A zamaninsa ba a yin wasa gaban jama'a a Landan sai da iznin wani babban hakimin fada, dokar da ba a soke ba sai 1968. An hana ɗaya daga wasanninsa na farko izni, amma ikon hakimin bai kai ga maɗaba'a ba. Sai Shaw ya buga wasannin nasa a 1898, ya siffanta kowane mutum da kowane ɗaki filla-filla, don wanda bai sami kallo ba ya karanta kamar labari. Ya kan sa gabatarwa mai tsawo kuma, har ta wasansa na Androcles da zaki ta fi wasan kansa tsawo.

Akwai wani dalili kuma, shi ne tsare nufin mawallafi. Cikin wasansa Pygmalion, wani malamin furuci ya koya wa wata mai tallan furanni maganar manyan gari. Shaw ya ƙare wasan ba tare da sun yi aure ba, domin abin da ya ke son nunawa shi ne yarinyar ta zama mai ikon kanta. Da a ka yi wasan a Landan a 1914, sai wanda ya fito a malamin ya riƙa jefa mata furanni dab da sauke labule, masu kallo suka koma gida da zaton aure ya kusa. Mu lura, da hannu ya juya ma'anar. Shaw bai ji daɗi ba, da a ka buga littafin a 1916 sai ya ƙara dogon bayani a ƙarshe, ya nuna wani saurayi dabam ta aura.

Amma fa wannan ƙari yana da nasa haɗari. Mun san yadda almajiri kan shagala da sharhin da ke gefen littafi har ya mance da asalin matanin. Bayanin mawallafi sharhi ne. Mai karatu yana da damar tsayawa, ya koma baya, ya auna, mai kallo kuwa ba shi da ita, amma yana da murya da fuska da dariyar waɗanda ke zaune kusa da shi. Wasan da ba a gane shi sai an karanta gabatarwarsa, lalle bai cika wasa ba.

To, ga abin da ya shafe mu. In muka shiga aji da littafin wasa, mu karanta bayanin tun a gida, mu san shi sarai. A aji kuwa kada mu bar yaro ya karanta “ya fita cikin fushi” da murya ɗaya da sauran magana, kamar mai biya karatun jiya. Mu ce ya tashi ya fita, 'yan'uwansa su gaya masa ko sun ga fushin. In sun gani, bayanin ya yi aikinsa. In ba su gani ba, a sake. Gani ya kori ji, amma sai malami ya yarda littafin ya sauka daga tebur ya taka ƙasa. Allah ya ba mu ikon yi.