Dandali: Makarantar Yara ta Biyu a Ƙasar Gwandu

A Gwandu, garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, na tashi, kuma a zamaninmu makaranta biyu yaro ke da ita kafin boko: ta allo da rana, da dandali da dare. Idan farin wata ya fito, maza su yi langa, inda ake tsalle da ƙafa ɗaya ana kare wanda ake kira "ruwa" har ya kai wurin sha. Nan yaro ke koyon juriya da kare ɗan'uwa. 'Yan mata kuwa su yi gaɗa, su koyi waƙa da sarrafa harshe. Daga goma ga watan azumi sai tashe, wanda ke gyara halin jama'a cikin raha.

Wasu al'ummu sun adana nasu. A 1560 mai zane Pieter Bruegel ya zana wasannin yaran Turai kusan 80, har yau ana nazarinsu. Mu kuwa namu a ƙwaƙwalwar tsofaffi suke. Kwanan baya a Kalgo na tambayi jikokina dokokin langa, babu wanda ya sani. Don haka ina roƙon malamai su zauna da dattawa, su rubuta wasannin nan tun masu su na raye.